Tikitin ganin Bruce Springsteen: a saya ranar farko ko a jira, a Amurka ko a Turai?

A watan Yulin 2022 aka buɗe sayar da tikitin rangadin da mawaƙin Amurka Bruce Springsteen da ƙungiyarsa ta E Street Band za su yi a biranen Amurka, bayan dogon rabo, domin tun farkon 2017 ba su sake fita rangadi tare ba. Masoyan da suka yi rajista da wuri, aka turo musu lambar shiga, suka zauna gaban kwamfuta suna jiran layi ya zo kansu, da yawansu sun tarar da abin da ba su taɓa gani ba: kujerun da suka saba saye da 'yan ɗaruruwan daloli ana neman dala 4,000, wasu har 5,000. Ba 'yan baranda ne suka sa wannan farashi ba. Kamfanin Ticketmaster ne, wanda shi aka damƙa wa sayarwar, ta wani tsari da ke ɗaga kuɗin kujera gwargwadon yawan masu rububinta a daidai wannan lokaci.

Da wani mawaƙin ne, da abin bai yi zafi haka ba. Springsteen, wanda aka haifa a jihar New Jersey a watan Satumban 1949, ya shafe sama da shekara hamsin yana waƙa a kan leburorin masana'anta, da waɗanda aka sallama daga aiki, da sojojin da suka dawo daga yaƙin Vietnam suka rasa mai waiwayarsu, kuma irin waɗannan mutane da 'ya'yansu su ne ƙashin bayan masu sauraronsa. Mujallar Backstreets, wadda masoyansa ke fitarwa tun 1980, ta sanar a watan Fabrairun 2023 cewa za ta daina fitowa bayan shekara 43, ta kuma ambaci batun tikitin a matsayin abin da ya sanyaya mata gwiwa. Ɗan majalisar wakilan Amurka a lokacin, Bill Pascrell, shi ma ɗan New Jersey, ya rubuta wa kamfanin yana neman bayani. Shi kuwa mawaƙin, da mujallar Rolling Stone ta tambaye shi a ƙarshen 2022, bai janye ba. Ya ce a da yakan sa a sayar da tikitinsa ƙasa kaɗan da na takwarorinsa, amma a wannan karo, yana da shekara 73, ya ce a yi yadda kowa ke yi, kuma a ganinsa in dai za a biya kuɗi mai yawa, gara su shiga hannun masu zub da gumi a kan dandamali da su shiga aljihun dillalai.

Na kawo wannan tarihi ne saboda duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin sabon rangadi, tambayar da ke gaban masoya ba ta canzawa, kuma cikin masu yin ta akwai 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya zaunar a Manchester, Landan, Milan ko New York, waɗanda kunnensu ya saba da kiɗan rok suke kuma son ganin wannan dattijo da idonsu ko da sau ɗaya ne. Mutumin ba baƙon Afirka ba ne, domin a 1988 ya yi wasa a Harare da Abidjan tare da mawaƙin Senegal Youssou N'Dour a rangadin da ƙungiyar Amnesty International ta shirya, ya kuma je Afirka ta Kudu a 2014, amma mai son ganinsa a yanzu, Turai ko Amurka ce hanyarsa. Abin da ya faru a rangadin 2023 zuwa 2025 ya isa a auna zaɓin da shi.

Dole mutum ya fara sanin cewa tikiti iri uku ne ke bayyana a gabansa, sau da yawa a shafi guda, a kan taswirar kujeru guda, har ya kasa bambance su idan yana cikin gaggawa. Na farko shi ne mai tsayayyen farashi, wanda mawaƙin da masu shirya wasan suka yanka tun kafin a buɗe kasuwa, ba ya hawa ba ya sauka. Na biyu shi ne wanda kamfanin ke yi wa laƙabi da Platinum, wanda sunansa kan sa a zaci akwai wata alfarma a cikinsa, alhali kujera ce kamar ta kusa da ita, babu abinci, babu gaisawa da mawaƙi, farashinta kawai aka saki ya bi yawan masu nema. Na uku shi ne wanda wani ya riga ya saya ya dawo da shi kasuwa, ko dai mai son wasan da uzuri ya taso masa, ko ɗan baranda da ya saya don riba, ana kuma samunsa a StubHub da Viagogo da makamantansu, har da shafin Ticketmaster ɗin kansa. A kan kowane iri akwai la'adar da ake ɗorawa, wadda a da a Amurka ba a nuna ta sai mutum ya zo biya, har zuwa watan Mayun 2025 da wata ƙa'ida ta gwamnatin tarayya ta tilasta a nuna jimillar kuɗin tun daga farko.

Da surutu ya yi yawa a 2022, Ticketmaster ya fitar da alƙaluma don kare kansa. Ya ce kusan kashi 88 cikin 100 na tikitocin an sayar da su ne a tsayayyen farashi, daga dala 59.50 zuwa 399 kafin la'ada, matsakaicin kuɗin tikiti dala 262 ne, kuma kashi 1.3 kacal ne suka haura dala 1,000. Ana iya karɓar waɗannan alƙaluma a kuma fahimci fushin mutane, domin masu tsayayyen farashi su ne ke ƙarewa cikin mintunan farko, wanda layi ya jinkirta kuwa sai ya shigo ya tarar babu abin da ya rage sai masu tsada, agogo na ƙirga masa daƙiƙu, zuciyarsa na gaya masa cewa in ya saki wannan ya rasa ke nan. Amma alƙaluman suna ɗauke da wani abu mai amfani ga mai saye: kujerun dubban daloli 'yan kaɗan ne, kuma ganin su kaɗai a allo a safiyar farko ba ya nufin su ne farashin wasan. Shi ya sa a ganina tikitin Platinum shi ne mafi munin zaɓi cikin ukun, domin ana sayensa ne a daidai sa'ar da farashi ya kai ƙololuwa, a lokacin da mai saye ya fi kowane lokaci ruɗewa.

Kada kuma a ce tsarin ya fi ƙarfin mawaƙi. A 2023 Robert Smith, jagoran ƙungiyar The Cure ta Ingila, ya ƙi yarda a yi wa tikitocinsa na Amurka farashi mai hawa, ya hana a sake sayar da su da riba a duk jihar da doka ta ba shi dama, ya sa wasu a dala 20, da ya ga la'adar wasu ta fi kuɗin tikitin kuwa ya matsa har kamfanin ya mayar wa mutane dala 5 zuwa 10. Ina ganin girman Springsteen a harkar waƙa, amma a wannan batu Smith ne ya kyauta wa mutanensa, kuma ya kamata mai saye ya riƙa karanta sanarwar rangadi da kyau ya ga ko an faɗi matsayin mawaƙin a kan wannan tsari. Ma'aikatar Shari'ar Amurka da jihohi da dama sun kai kamfanin shirya wasanni na Live Nation, wanda ya haɗe da Ticketmaster tun 2010, ƙara a watan Mayun 2024 bisa zargin danne kasuwa, sai dai mai jiran rangadi ba zai jingina shirinsa da shari'a ba.

To, a saya ranar farko ko a jira? Duk wanda ya taɓa neman ragon layya ya san wannan lissafi. Mai saye da wuri yana samun zaɓi da kwanciyar hankali, mai jira zuwa jajibiri kuwa wata shekarar yakan tarar dillalai sun karya farashi don kada su koma da dabbobi gida, wata shekarar kuma ya tarar kasuwa ta watse. Bambancin shi ne, ragon da bai sayu ba yana nan da darajarsa bayan sallah, tikiti kuwa da zarar an kashe fitilu an fara kiɗa ya zama ba komai ba, don haka ɗan barandar da ya tara su ya fi dillalin rago shiga matsi idan rana ta ƙarato. An ga haka a watan Fabrairun 2023, 'yan makonni bayan an buɗe rangadin a birnin Tampa na Amurka ranar 1 ga wata, lokacin da tikitocin wasu birane irin su Houston da Tulsa suka faɗo ƙasa da dala 20 a kasuwar sake sayarwa, duk da cewa kujerun can sama ne ko na bayan dandamali. A New York, New Jersey, Philadelphia da Boston kuwa, inda nan ne cibiyar masoyansa, farashi bai yi irin wannan faɗuwa ba.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, jira dabara ce ta mazaunin gari, musamman garin da ba cibiyar masoya ba, wanda zai iya duba waya da yamma ya sayi tikiti ya hau jirgin ƙasa, in bai samu ba ya koma gida bai yi asarar komai ba. Ya fi dacewa da mai tafiya shi kaɗai, domin kujera ɗaya tilo ta fi saurin samuwa fiye da huɗu a jere. Akwai kuma wata dama da mutane da yawa ba su lura da ita: bayan an kafa dandamali an auna inda na'urori za su tsaya, masu shirya wasa sukan saki wasu kujerun da suka riƙe, a tsayayyen farashi, kwana kaɗan kafin wasan. Wanda zai yi tafiya daga wata ƙasa kuwa, ko zai je da iyali, bai kamata ya yi wannan kasada ba. Nasa shi ne ya yi rajista da wuri, ya yanka wa kansa iyakar abin da zai biya tun kafin ya buɗe shafin, ya rubuta ta a takarda in ta kama, ya nemi mai tsayayyen farashi kawai, in bai samu a birni ɗaya ba ya gwada na biyu, domin ba rana ɗaya ake buɗe dukkan birane ba.

Game da kasuwar sake sayarwa, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai dandali irin Twickets a Birtaniya da ba ya barin a sayar sama da farashin asali, kuma kamfanonin tikiti da dama suna da nasu sashen da masoya ke mayar da tikiti wani ya saya a kuɗin da aka biya. Wannan ita ce hanya mafi aminci ga wanda ya rasa a ranar farko. Manyan shafukan riba kuwa suna da la'ada mai nauyi, kuma ko da sun yi alkawarin mayar da kuɗi idan tikitin ya ƙi aiki a ƙofa, ba za su mayar wa mutum da daren ba. Mafi haɗari shi ne saye daga wani da aka haɗu da shi a Facebook ko X yana turo hoton tikiti, domin yawancin tikitocin yanzu a cikin manhajar waya suke, wasu ma lambarsu na sauyawa bayan 'yan daƙiƙu, hoton allo ba ya buɗe ƙofa.

Sai batun nahiya, wanda a ganina shi ne ya fi kowane tasiri a kan abin da mutum zai biya da abin da zai gani. A Amurka yawancin wasanninsa na lokacin sanyi da bazara a rufaffen zaure ake yi, irin Madison Square Garden na New York, mai ɗaukar mutum kusan 20,000. A irin wannan wuri sauti ya fi fita tsaf, ruwan sama ba ya taɓa kowa, kuma ko daga kujerar sama ana iya ganin motsin mutumin ba sai an dogara da majigi ba, ana jin bugun gangar Max Weinberg a ƙirji, ana rarrabe jitar Steven Van Zandt da sauran. Amma ƙarancin kujeru shi ne ke hura wutar farashi. A Turai kuwa filayen ƙwallo ake cikawa a lokacin zafi: Wembley na Landan mai kujeru 90,000, Croke Park na Dublin mai ɗaukar sama da 80,000, San Siro na Milan mai sama da 70,000. Wuri ɗaya na ɗaukar ninki uku ko huɗu na zauren Amurka, don haka tikiti ya fi samuwa, kuma mafi yawansu a tsayayyen farashi ake sayarwa, na tsayuwa a fili galibi bai kai yuro 200 ba a wancan rangadi. Abin da ake biya a madadin haka shi ne nisa. Wanda ke can ƙarshen fili majigi yake kallo, sautin ma yakan daki bango ya dawo, kuma in hadari ya haɗo babu mafaka, kamar yadda mutanen Sunderland suka sha ruwa a watan Mayun 2024 aka kuma ci gaba da wasa.

Sai dai akwai abin da filin Turai ke da shi wanda kuɗi ba ya saye a zaure, wato jama'ar. Masoyansa na Italiya, Sifaniya, Ireland da Sweden sun yi suna wajen rera waƙa tare da shi daga farko har ƙarshe, ba su zama, ba su yawan fita sayen abin sha a tsakiyar waƙa. A 1985 tsallen 'yan kallo a filin Ullevi na birnin Gothenburg ya girgiza ginin har sai da aka yi masa babban gyara, kuma wasansa mafi tsawo, awa huɗu da minti shida, a Helsinki aka yi shi a watan Yulin 2012. Ba na jin katsaham ne ya sa aka rufe rangadin 2023 zuwa 2025 a San Siro ranar 3 ga Yulin 2025. Tsadar tikiti a Amurka tana da wata illa da ba a cika faɗa ba, domin idan kujerun gaba suka koma hannun masu iya biyan dubbai, ba lallai su ne suka haddace waƙoƙin ba, kuma mawaƙi irin wannan da zafin jama'arsa yake aiki. A lura dai cewa filayen da ke cikin unguwa suna da dokar lokacin tashi, kuma ana aiki da ita ba sani ba sabo: a Hyde Park na Landan a 2012 an kashe masa lasifika yana kan dandamali tare da mawaƙi Paul McCartney saboda lokaci ya cika.

Doka ma ta fi kare mai saye a wasu ƙasashen Turai. Ireland ta hana sayar da tikitin manyan wurare sama da farashin asali tun 2021. Faransa tun 2012 ta hana mayar da sake sayar da tikiti sana'a ba tare da izinin mai shirya wasa ba. Italiya tun 2019 ta wajabta rubuta sunan mai shiga a kan tikitin manyan wasanni, ana iya neman katin shaida a ƙofa, don haka wanda ya saya daga wani dole ya tabbata an canza sunan ta hanyar da aka amince. Birtaniya ce ta fi kusa da halin Amurka, domin farashi mai hawa ya taɓa wasu kujerun Springsteen a can, kuma a ƙarshen watan Agustan 2024 masoyan ƙungiyar Oasis sun kwashe sa'o'i a layi suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya koma sama da 350, abin da ya sa hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike.

Ga mai tasowa daga gida, tikitin wasa shi ne ƙaramin kashi na kuɗin tafiyar, biza kuma ita ce babbar ƙofa. Kuɗin neman bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ne tun tsakiyar 2024, na bizar ziyara ta Amurka dala 185, kuma ba a mayar da ko ɗaya idan an hana. A watan Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, a watan Yuli kuma ta taƙaita yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku. Bizar Schengen guda tana buɗe Italiya, Sifaniya, Faransa, Jamus da Sweden, wato in wasan birni ɗaya ya kuɓuce akwai na maƙwabta, amma ba ta shiga Birtaniya ko Ireland, kowacce tata daban. Ra'ayina a nan ba ya rawa: mazaunin Amurka ya nemi wasan da ke birni mafi kusa da shi, in ya samu wanda ba na yankin New York ba ya fi masa sauƙi, mazaunin Turai ko Birtaniya ba shi da dalilin tsallaka teku, mai zuwa daga Afirka kuwa ya haɗa wasan da wata tafiya da dama zai yi zuwa Turai, kada ya ɗora tafiya sukutum a kan dare ɗaya.

A tsaye ko a zaune? Wasan yakan kai kusan awa uku babu hutu a tsakani, yawanci kuma babu wani mawaƙin da ke share fage. Tikitin tsayuwa a gaban dandamali shi ne burin masoya na haƙiƙa, domin nan ne mutumin ke saukowa ya riƙe hannun jama'a, ya karɓi kwalayen da aka rubuta sunan waƙar da ake roƙo. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. A Turai masoya ne da kansu ke tsara layi kwanaki kafin wasa, su rubuta wa mutum lamba a bayan hannu, ya riƙa zuwa amsa kira sau da yawa a rana, in ya yi fashi a soke sunansa, ranar wasa kuma ya shiga tun da rana ya tsaya har dare. In an haɗa, tsayuwar awa shida ko bakwai ce. Wanda zai kiyaye sallolinsa a kan lokaci ya yi wannan lissafi tun daga gida, domin fita daga sahun gaba a dawo wuri ɗaya abu ne mai wuya, kuma a arewacin Turai a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, wato magariba na riskar mutum ana tsakiyar wasa. Ana kuma sayar da giya a waɗannan wurare, cunkoson tsayuwa ya fi kusanta mutum da masu shanta. Mai kujera yana da lambarsa, yana iya zuwa dab da farawa, ya fita ya dawo. Ga wanda zai je karon farko, kujerar gefe a hawa na ƙasa, kusa da dandamali, ta fi ta ƙarshen fili da ke fuskantar dandamali kai tsaye, ko da kuɗinsu ɗaya ne, domin nisan ya ragu da kusan rabi.

Wasu kan sayi dare biyu a birni ɗaya. A 2023 jerin waƙoƙin bai cika canzawa daga dare zuwa dare ba, abin da tsofaffin masoya suka yi ta ƙorafi a kai saboda sun saba da shi yana sauya tsari yadda ya ga dama, sai a 2024 ya ɗan saki hannu. Kuɗin dare na biyu gara a ƙara shi a kan kujera mai kyau a dare ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa amma dole a sa shi cikin lissafi, wato shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma duk wanda ya ga yadda mutumin ke riƙe fili awa uku ya san ƙarfinsa bai ƙare ba, amma jiki jiki ne. Biyu daga cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar da su sun riga mu gidan gaskiya, Danny Federici a 2008 da mai busa saksofon Clarence Clemons a 2011, wanda ɗan ɗan'uwansa Jake ya gaji busarsa. A watan Agustan 2023 an ɗage wasanni biyu na Philadelphia sa'o'i kaɗan kafin a fara na farko, a watan Satumba kuma gyambon ciki ya sa aka tura dukkan sauran wasannin shekarar zuwa 2024. A watan Mayun 2024 murya ta ba shi matsala, aka ɗage na Marseille a ranar da za a yi shi, mutane sun riga sun iso gari, sannan na Prague da biyu na Milan suka biyo baya, ba a kuma rama su ba sai a 2025. Wanda ya riƙe tikitin Milan na farkon Yunin 2024 sai ranar 30 ga Yuni ko 3 ga Yulin 2025 ya shiga fili.

A nan ne bambancin tikitocin nan uku ke sake fitowa fili. Idan an ɗage wasa, wanda ya saya daga kamfanin da aka ba sayarwa yawanci ana ba shi zaɓi, ko ya riƙe tikitinsa zuwa sabuwar rana ko ya karɓi kuɗinsa cikin wani wa'adi. Wanda ya saya a shafin riba kuwa galibi ba a mayar masa sai an soke wasan gaba ɗaya. In ɗagewa ce kawai, sai dai ya jira ko ya sake sa shi a kasuwa, wataƙila a ƙasa da abin da ya biya. Kuɗin jirgi da na masauki kuma babu mai shirya wasan da ke ɗaukar nauyinsu, ga shi otal-otal na birnin da za a yi wasa sukan ɗaga farashi tun ranar da aka sanar. Saboda haka mai tafiya daga nesa ya kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da tara ba a ranar da ya sayi tikitin wasa, ko da ya ɗan fi tsada, ya zaɓi tikitin jirgin da ake iya sauya wa rana, kuma in biza ta shiga cikin lamarin ya duba cewa wa'adinta bai tsaya daidai kan ranar wasan ba.